Aikin sama ko aikin sito: wanne ya fi kai mutum asibiti?

Baban Khalifa, Jidda

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya hana ni sukuni tun ranar Asabar. Ƙanena, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ya iso Jidda wata biyu da suka wuce da bizar aiki, igamarsa, wato takardar izinin zama, ta fito, kuma kamfanin da ya kawo shi ya ba shi zaɓi tsakanin wurare biyu. Na farko shi ne ya shiga cikin masu haɗa sakala, wato ƙarafan nan da ake jerawa a jikin gini domin ma'aikata su hau, a wani babban aiki da ake yi a arewacin gari, inda za a ƙara masa riyal 400 a kan albashinsa. Na biyu kuma shi ne ya zauna a wani sito da ke Khumra yana lodi da sauke kaya, ƙafarsa a ƙasa, ba tare da ƙarin komai ba.

Da na faɗa wa mahaifiyarmu ta waya ba ta bari na ƙarasa ba, ta ce kada ya kuskura ya hau ko'ina, ta fi son ya dawo mata da ransa ko da bai tara ko sisi ba. Ni ma a nan zuciyata ta fara tsayawa. Amma jiya bayan Isha'i na tsaya da wani maƙwabcinmu da ya yi shekara shida a irin wannan sito, mutumin da bai kai shekara 40 ba, yanzu a kan kujera yake salla, kuma idan zai sa takalmi sai ɗansa ya durƙusa ya sa masa. Tun daga nan na rasa inda zan sa kaina. Shin idan an ce aiki yana da haɗari ƙwarai, hakan yana nufin mai yin sa ya fi kowa kusa da jin rauni, ko kuwa akwai wani lissafi da ban sani ba?

Alhaji Mai Tirela, Dammam

Wa alaikumus salam. Baban Khalifa, maganar Hajiya ita ce magana, kuma ban ga abin dogon nazari a nan ba. Shekarata 19 a ƙasar nan ina jan tirela, na kai siminti da rodi wuraren gini ba adadi, kuma da idona na ga wani yaro ɗan Bangaladash ya faɗo daga hawa na huɗu ina tsaye ina jiran a sa mini hannu a takardar kaya. Takalminsa ɗaya ya maƙale a saman sakalar, shi kuma yana ƙasa, abokan aikinsa suka rufa masa kwali kafin motar agajin gaggawa ta Hilal Ahmar ta iso. Wanda bayansa ya riƙe yana nan yana cin abinci da 'ya'yansa, wanda ya faɗo kuwa sai dai a bi shi da addu'a. Riyal 400 ba kuɗin rai ba ne. Yaron ya tafi sito.

Injiniya, Jubail

Alhaji, Allah ya ƙara girma. Abin da ka gani ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba ni da bakin musanta shi. Sai dai aikina ke nan, kula da lafiyar ma'aikata a wata masana'antar sinadarai, kuma abu na farko da aka koya mana shi ne mu raba tambayoyi biyu da mutane suke haɗewa wuri ɗaya. Tambaya ta farko ita ce, idan abin ya auku, yaya muninsa zai kasance? Ta biyu kuma, sau nawa yake aukuwa a yadda ake gudanar da aikin a wannan wurin? Kurar gardi mai takunkumi da sarƙa ta fi karen unguwa muni nesa ba kusa ba, amma idan ka je asibiti ka ƙirga waɗanda aka ciza a shekara, za ka tarar aikin kare ne.

Bari in kawo alƙaluman Amurka, domin su suna ƙirga wannan abu dalla-dalla kowace shekara. Idan aka haɗa dukkan sana'o'i, cikin kowane ma'aikaci 100,000 mutum uku zuwa huɗu ne suke mutuwa a bakin aiki a shekara. A cikin masu saran itace a daji adadin ya kusa 100, a cikin masu rufin gini kuma ya haura 50. Wannan ya tabbatar da maganar Alhaji cewa aikin sama yana kisa. Amma idan aka juya zuwa raunin da ba ya kisa sai dai ya hana mutum fita aiki na kwanaki ko watanni, waɗanda suke sahun gaba wajen yawa su ne leburorin lodi da sauke kaya, da direbobin manyan motoci, da mataimakan ma'aikatan jinya masu ɗaga marasa lafiya. Wato jerin ayyukan da suka fi kisa daban, jerin waɗanda suka fi jikkata mutane daban, kuma aikin sito da ake ganin kamar hutu ne yana can sama a jeri na biyu.

Akwai wani abu kuma, Alhaji, da zan faɗa cikin ladabi. A waɗannan alƙaluma, haɗarin abin hawa shi ne ya fi kowane dalili kashe ma'aikata, kuma idan ana maganar yawan rayuka ne, direbobin manyan motoci suna cikin waɗanda suka fi kowa rasa mutane. Ba mu cika kiran tuƙi aiki mai haɗari ba saboda a zaune ake yin sa, kuma mun saba ganinsa. Abin da yake tsorata ido ba lallai ne shi ya fi cin mutane ba.

A wurin da nake aiki muna zagaye da iskar gas da za ta iya kashe mutum cikin mintuna, amma ba wanda yake kwance ko ƙusa ɗaya sai da takardar izini, sai an auna iskar wurin, sai an kulle makunnin injin da kwaɗo an ba shi mabuɗin ya sa a aljihu. Saboda haka sai a yi watanni masu yawa ba a samu wanda ya kwanta asibiti ba, alhali ƙaramin garejin walda da ke bayan gidanmu ba a cika wata guda ba a kai wani a cire masa ƙarfe a ido ba. Sunan aikin bai isa ya ba ka amsa ba, Baban Khalifa, sai ka san hannun da aikin yake ciki.

Maman Hanan, Makka

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen gaggawa, kuma abin da Injiniya ya faɗa shi nake gani da idona. Waɗanda suke faɗowa daga dogayen gine-gine ana kawo su, amma ba su ne suke cika mana gadaje ba. Masu cika gadaje su ne wanda ya hau tsani mai taka shida zai wanke na'urar sanyaya ɗaki tsanin ya zame a kan tayil, da wanda injin yanka ya ɗauke masa yatsu biyu, da wanda ya sunkuya ya ɗauki katon ɗin kaya ya ji wani abu ya tsinke masa a ƙugu, aka shigo da shi a kwance ba ya iya ko juyawa. Faɗuwa daga tsayin mita biyu kacal tana fasa kai idan mutum ya sauka da ƙeya, kuma a irin wannan tsayi babu mai tunanin ɗaura ɗamarar hana faɗuwa ko sa hular kwano.

Ina so kuma in tuna mana 'yan'uwanmu mata masu aikin gida, waɗanda idan ana lissafin ayyuka masu haɗari babu mai ambatarsu. Watannin baya an kawo mana wata baiwar Allah, Bahausa, idanunta jawur suna zubar da ruwa, tana tari kamar ƙirjinta zai tsage. An sa ta wanke banɗaki ne, sai ta zuba sinadarin wanki na Clorox ta ƙara da na Flash domin ya fi fita, ta kuma rufe ƙofa don kada warin ya dami mutanen gida. Haɗa waɗannan biyu yana tayar da iskar kulorin mai ƙona huhu, kuma babu wanda ya taɓa faɗa mata. Da na yi mata magana da Hausa sai ta riƙe hannuna tana roƙona kada a daɗe da ita, domin tana tsoron a ce ta yi wasa da aiki. Irin su ne suke leƙa jiki ta taga a hawa na uku suna goge gilashi, su ne suke ɗaga tsohuwa mai nauyi daga gado zuwa keke su kaɗai sau huɗu a rana.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da ƙiyasi a 2023 cewa kusan mutum miliyan uku ne suke mutuwa duk shekara sanadin aiki. Daga cikinsu kimanin 330,000 ne kawai haɗari na nan take ya kashe, sauran wajen miliyan 2.6 cututtuka ne da aikin ya jawo musu sannu a hankali, kamar ciwon zuciya da sankara da ciwon huhu. Saboda haka, Yaya, idan za ku auna ayyukan nan biyu, ku sa wanda yake kisa a ɓoye a kan sikeli tare da wanda yake kisa a fili.

Alhaji Mai Tirela, Dammam

Injiniya, na karɓi maganar tuƙi, domin abokan aikina uku na rasa a hanyar Riyad zuwa Dammam, kuma biyu daga cikinsu barci ne ya ɗauke su bayan sun kwana biyu ba su runtsa yadda ya kamata ba. Amma misalinka na kura bai gamsar da ni ba. Kai kana magana ne daga babbar masana'anta inda takunkumin na ƙarfe ne kuma akwai mai duba shi kullum. Ni kuwa na san yadda ake yi a wuraren gini: babban kamfani yana karɓar aiki, ya yanka wa ƙaramin ɗan kwangila, shi ma ya yanka wa wani, har aikin ya iso hannun mutumin da ba shi da komai sai mota ƙirar akori-kura da leburori takwas. A bakin ƙofa akwai allo mai hoton hular kwano da takalmin sefti, a ciki kuwa ɗamara ɗaya mutum uku suke karɓa-karɓa, igiyarta duk ta zare. Idan takunkumin kurar ruɓaɓɓe ne, gara karen sau dubu. Ciwon baya ana lallaɓa shi shekara 30, faɗuwa daga sama kuwa sau ɗaya ake yi.

Ɗan Mai Wurno, Riyad

Gaisuwa ga iyaye da 'yan'uwa. Ni haifaffen Mai Wurno ne a gefen Shuɗin Nilu, kuma kafin in zo nan na yi shekara biyu ina haƙar zinariya a wajen Abu Hamad da ke arewacin Sudan. A can babu mai buƙatar a faɗa masa aikin yana da haɗari. Rami ne mai zurfin gaske, babu katakon tokare bango, igiya ɗaya ce ake zura mutum da ita, kuma kowa yana da labarin ramin da ya rufta. A watan Disamba na 2021 wani rami ya rufta a Yammacin Kordofan, kusa da Nuhud, ya kashe mutum 38 lokaci guda. Amma abin da ba mu ɗauka a bakin komai ba shi ne zaiba. Da hannu muke cuɗa ta da garin dutse, sannan mu ƙona curin a kan wuta mu sunkuya muna kallon zinariyar tana fitowa, hayaƙin yana shiga hancinmu. Sai daga baya na san cewa wannan hayaƙi yana lalata jijiyoyi da ƙoda, bayan na ga wani dattijo da muka yi aiki tare hannunsa yana rawa har ba ya iya kai kofin shayi bakinsa.

Yanzu aikin tayil da marmara nake yi, kuma ina so in ƙara abu ɗaya da ban ji an ambata ba, wato yadda ake biyan mutum. Mu da mita ake biyanmu. Wanda ake biya da mita ko da yawan motocin da ya sauke, shi da kansa zai cire murfin kariya daga injin yankan da Larabawa suke kira saruk, domin murfin yana rage masa sauri, kuma shi da kansa zai yanka tayil a bushe domin jawo tiyon ruwa yana cin lokaci. Ƙurar da take tashi fara ce ƙal, da yamma idan na fyace hanci kamar alli nake fitarwa, kuma ita ce take taruwa a huhu ta sandarar da shi, ciwon da ba shi da magani idan ya kama. Shekarar farko ina jin tsoron injin nan kamar maciji, ban taɓa yankewa ba. A shekara ta huɗu, da na ga kamar na gama saninsa, faifan ya fashe ya tsaga mini hannu ɗinki 14. Sabo da kaza ba ya hana yanka ta.

Baban Khalifa, ka tambaya ko a siton nan albashi ne tsayayye ko kuwa da yawan kwantena ake lissafi. Idan da kwantena ne, ƙanenka zai riƙa ɗaukar buhu biyu a inda ya kamata ya ɗauki ɗaya, ba don an tilasta shi ba.

Abu Sadik, Madina

Duk na karanta, kuma na ƙaru. Sai dai ni a ganina tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Wani yana kwance a gadonsa ajali yake samunsa, wani kuma ya shekara 30 a saman gini ko ƙwarzane bai samu ba. Yaron ya yi istihara ya ɗauki wanda zuciyarsa ta kwanta da shi, ya dogara ga Allah.

Malam na Jarwal, Makka

Malam Abu Sadik, Allah ya yi albarka. Istihara gaskiya ce, ajali ma gaskiya ne, amma ina jin tsoron yadda muke amfani da kalmar tsautsayi, domin sau da yawa ita ce mayafin da ake rufe sakaci da shi, kuma mai cin ribar wannan rufi shi ne wanda ya ƙi sayen igiya mai kyau. Mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, an ce masa ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Sayyidina Umar kuma, da ya ji annoba ta ɓarke a Sham ya juya da jama'arsa, aka ce masa ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya ce suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah.

Mu mazauna Makka ba za mu manta da yammacin Juma'a 11 ga Satumba 2015 ba, lokacin da iska da ruwan sama suka taso, ƙugiyar gini, wato doguwar na'urar ɗaga kaya, ta faɗo a cikin Masallacin Harami, mutum fiye da 100 suka rasu. Iskar daga Allah take, babu mai ja. Amma hukuma ba ta ce tsautsayi ne ta rufe magana ba, ta kafa kwamitin bincike, kuma binciken ya nuna an bar ƙugiyar a yanayin da ya saɓa wa ƙa'idar da masu ƙera ta suka gindaya. Waɗanda suka rasu ma mafi yawansu ba ma'aikatan ginin ba ne, masu ibada ne. Don haka duk wanda aka ɗora wa amanar ma'aikata za a tambaye shi, shi ma ma'aikacin za a tambaye shi a kan jikin da aka ba shi amana.

Injiniya, Jubail

Allah ya gafarta Malam, ka sauƙaƙa mini. Alhaji kuma, maganarka ta takunkumi ruɓaɓɓe gaskiya ce, har ma zan ƙara maka hujja. Mai haɗa sakala ya fi mai hawa sakala shiga haɗari, domin shi yake zuwa wurin tun kafin a sa ƙarfen dafawa da katakon takawa, shi yake gina kariyar da wasu za su mora. Saboda haka ban ce yaron ya hau ba. Abin da na ce shi ne kada a ɗauka sito tudun mun tsira ne.

Abin da ya fi damuna a labarin nan ma ba sakala ba ce ba kuma sito ba, wata biyun nan ne. Wani bincike da aka yi a Kanada ya nuna cewa ma'aikaci a watansa na farko a wurin aiki ya fi wanda ya haura shekara yiwuwar jin rauni fiye da ninki uku. Ga shi yaron bai iya Larabci ba tukuna, ƙila shugaban aikinsa da Urdu ko Hindi zai yi masa tsawa ya matsa, kafin ya fahimta abin ya riga ya iso. Ga kuma zafi. Jikin baƙo yana buƙatar mako ɗaya zuwa biyu yana ƙara aiki kaɗan-kaɗan kafin ya saba aiki a cikin zafi, kuma yawancin waɗanda zafi yake kashewa a bakin aiki a kwanakinsu na farko ne. Kowa ya tuna Hajjin 2024, da zafi ya kai digiri 51.8 a Harami, aka rasa mutum 1,301. Ma'aikatar ƙwadago ta hana aiki a ƙarƙashin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 na rana, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba, wannan kuwa zai shafi mai sakala. Amma wanda yake cikin kwantenar ƙarfe ko siton kwano marar iska ba a ƙarƙashin rana yake ba, ko da kuwa wurin ya fi waje turiri. Mutumin da zafi ya galabaitar kuma hannunsa ne yake fara saki, idonsa ya yi duhu, sai a rubuta cewa faɗuwa ya yi ko mota ce ta buge shi, a manta da zafin.

Sa'o'in aiki ma ka tambaya. Dokar ƙwadago ta ƙasar nan ta ce awa 8 a rana ko 48 a mako, kuma kada a wuce awa 5 a jere ba tare da hutun aƙalla rabin awa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tare da Ƙungiyar Ƙwadago sun bayyana a 2021 cewa mai aikin awa 55 ko fiye a mako yana da ƙarin kashi 35 cikin 100 na yiwuwar shanyewar ɓarin jiki idan aka kwatanta da mai awa 35 zuwa 40.

Baban Khalifa, ka je wuraren biyu da ƙafarka idan za su bar ka. A wurin ginin ka duba ko sakalar tana da alamar dubawa a rataye a ƙofar hawanta, kore idan an amince a hau, ja idan an hana, da kwanan wata da sa hannun wanda ya duba. Ka duba ko masu ɗamara sun maƙala ƙugiyarta a wani abu mai ƙarfi ko kuwa tana lilo a bayansu kawai, ka kuma tambaya ko ana sauko da mutane idan iska ta taso, da kwana nawa ake horar da sabo kafin ya bar ƙasa. A siton kuma ka duba ko an raba hanyar masu tafiya da ƙafa da ta ƙananan motocin ɗaga kaya, domin su ne suke murƙushe ƙafafu suna matse mutane a jikin bango, sannan ka ga ko da inji ake sauke kaya masu nauyi ko da gadon baya. Kada hular kwano da riga mai ƙyalli su ruɗe ka. A wurinmu kayan sawa su ne matakin ƙarshe, bayan an yi ƙoƙarin kawar da haɗarin gaba ɗaya ko an gina shinge tsakaninsa da mutum, kuma wurin da bai tanadi komai ba sai hula ya bar ma'aikaci ne da wayonsa.

Baban Rumaisa, Jidda

Ni aikina bin takardun kamfanoni a ofisoshin gwamnati, don haka zan taɓa ɓangaren da ake mantawa sai bayan abu ya faru. Hukumar inshorar ma'aikata da muke kira Ta'aminat tana da reshen raunin aiki wanda ya haɗa da baƙi, ba 'yan ƙasa kaɗai ba. Mai kamfani ne yake biyan kashi 2 cikin 100 na albashin ma'aikaci, ba a cire ko halala daga aljihun ma'aikacin. Idan mutum ya ji rauni, hukumar tana ɗaukar nauyin magani, tana kuma biyan kuɗin kwanakin da bai iya aiki ba, idan kuma naƙasa ta tabbata ko rai ya yi halinsa, baƙo ko magadansa suna karɓar diyya a dunƙule. Haɗarin da ya samu mutum a hanyarsa ta zuwa aiki ko komawa gida yana ciki, har ma da hanyar zuwa inda ya saba cin abinci ko salla daga wurin aiki.

Amma akwai wa'adi. Ma'aikaci ya sanar da mai kamfani cikin kwana 7, shi kuma mai kamfani ya sanar da hukuma cikin kwana 3 da jin labari. A nan mutanenmu suke asara. Na sha ganin an ce wa yaro idan ya je asibiti ya ce a gida ya faɗi, za a ba shi wani abu ya riƙe, shi kuma don kunya ko tsoron rasa aiki ya amince. Bayan wata shida ƙafar ta ƙi ɗaukarsa, babu takarda ko ɗaya da ta nuna a bakin aiki abin ya faru. Wannan kuma yana lalata alƙaluman da kansu, domin wurin da aka fi ɓoye rauni shi ne zai fito a takarda kamar ya fi ko'ina lafiya. Masu aikin gida da Maman Hanan ta ambata ba sa cikin wannan tsari, haka nan duk wanda yake aiki ba da igama ba, ko yake aiki a wajen wanda ba kafilinsa ba, wato ba shi ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar ba, raunin da ya ji ba ya shiga lissafin kowa.

Abin da zan ce ka tabbatar tun yau shi ne, sunan ƙanenka yana cikin rajistar Ta'aminat, da ainihin albashinsa, domin a kan adadin da aka rubuta ake lissafa diyya. Zai iya dubawa a wayarsa. Ka kuma tambaya ko siton na kamfanin da ya kawo shi ne ko kuwa aron sa za a bayar ga wani.

Maman Hanan, Makka

Ina goyon bayan wannan. Duk wanda aka kawo mana, abin da ya faɗa a teburin karɓa shi ake rubutawa, kuma gyara shi daga baya yana da wuya ƙwarai. Ku koya wa yaron kalma biyu tun kafin ya fara, isabat amal, wato raunin aiki, ya iya faɗinsu ko da yana cikin ciwo, ya kuma haddace lambar Hilal Ahmar, 997.

Baban Khalifa, Jidda

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na zaunar da yaron na karanta masa duk abin da kuka rubuta. Shi zuciyarsa tana ga sakala, ya ce sana'a ce da mutum zai iya samun takardar shaida a kanta ya ci gaba, lodi kuwa ƙarfi kawai ake saya, ranar da ƙarfin ya ƙare an gama da kai. Na ce masa ba zan amince ba sai na ga horon da za a ba shi a rubuce, kuma sai bayan 15 ga Satumba idan zafi ya fara sauka. Mun duba wayarsa mun ga sunansa a Ta'aminat, amma albashin da aka rubuta bai kai wanda ke cikin yarjejeniyarsa ba, kuma wani abokinsa ya tabbatar mana cewa a siton da kwantena ake lissafin ƙarin kuɗi, kamar yadda Ɗan Mai Wurno ya yi hasashe.

Ranar Alhamis da safe zan je Khumra, da yamma kuma in je wurin ginin. Hajiya ban kira ta ba tukuna, sai na dawo da abin da idona ya gani. Baban Rumaisa, tunda kana Jidda, ko za ka samu lokaci bayan Magariba gobe in kawo maka yarjejeniyar ka karanta mana? Shafi huɗu ce, duk da Larabci, kuma akwai wani sakin layi a shafi na uku mai maganar tura ma'aikaci wani wurin aiki wanda nake so in fahimta kafin ya sa hannu a takardar zaɓin.